Kilo Bakwai da Almakashin Kawu Bahago

Kawunnaina biyu ne, kuma in ka gan su tare ba za ka ce nono ɗaya suka sha ba. Babban tela ne, kowa Bahago yake ce masa. Ƙaramin yana aiki a wani kamfanin fenti, shi muke kira Manaja, ko da yake ni ban taɓa ganin abin da yake shugabanta ba in ban da wayoyinsa biyu. Mahaifiyata ce a tsakaninsu wajen haihuwa, har yau kuma ita ce a tsakaninsu duk ranar da aka tashi da rigima. Labarin Bahago zan ba ku, don shi na fi sani, kuma shi ne ya taɓa ɗaukata tafiya a matsayin jaka.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Keke biyu ne a ciki, da teburin yanka da ya cinye rabin wurin, da wata rediyo da aka ɗaure mata baya da tsumma. Shekara talatin da huɗu yana tsaye a bakin teburin nan. Ɗinki kowa yana yi, in ji shi, yanka ne aikin. Zai kalle ka sau ɗaya daga kafaɗa zuwa ƙafa, ya ɗora maka tef don dai hankalinka ya kwanta, ya zana da alli, sai ka ji ƙaras, ƙaras. In rigar ba ta zauna maka ba, to jikinka ne ya canza a hanya.

Almakashin da yake yankan da shi baƙi ne, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa tafi, nauyinsa kuma ya isa a jefi ɓarawo. Na bahagwai ne, a juye aka ƙera shi. In ka riƙe da hagu kana ganin layin alli tar, in ka riƙe da dama sai ya dinga taunar yadi kamar akuya. Doka biyu gare shi: ba a aro, ba a yanka takarda da shi, don takarda tana dakusar da baki. Ina ɗan shekara tara na yanka kwalin sabulu da shi. Har yau in na shiga shagon, sai Kawu ya jefa shi a durowa kafin ya amsa gaisuwata.

Asalinsa na kakanmu ne, Allah ya jiƙansa, shi ma tela, shi ma bahago. Kawu yana aji biyar na firamare ya dawo wata rana ya tarar tsohon ya fita, sai ya ɗauki almakashin ya bi wani layin alli da aka zana aka bari. Da Kaka ya dawo ya juya yankan gaba da baya, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Gobe ka bar jakar makaranta a gida." Bayan wasu shekaru aka gwada ƙaramin. Shi da dama yake komai, yana matsa almakashin yadin ya naɗe a baki. Kaka ya fizge abinsa ya ce, "Wannan ba shi da hannu, a bar shi da makaranta." Aka bar shi, ya yi ta tafiya bai tsaya ba sai da ya zama mai waya biyu. Shi ya sa in Kawu ya gaji, yakan ɗaga hannunsa na hagu ya kalle shi ya ce, "Kai ka ja mana."

Abin mamaki, motar Manaja ba ta taɓa damunsa ba. Gidan ma haka, ya ce gidan da aka shafe da fentin kyauta ba abin kallo ba ne. Jirgin sama ne ya tsaya masa a maƙoshi. Duk wata sai kamfani ya tura Manaja wani gari mai nisa, a jirgin tsohon kamfanin nan da manya ke hawa. Ga shi Manaja da wata ɗabi'a, ba ya cire takardar da ake liƙa wa hannun jaka a filin jirgi. Ta wannan wata ta hau kan ta wancan, har hannun jakar ya koma kamar tsintsiya. In ya sauka, kafin ya je gida sai ya biyo ta shago, ya ɗora jakar a kan teburin yanka, daidai inda idon Kawu zai faɗa.

"Yaya, sannu da aiki. Yau mun sha girgiza a sama, wallahi sai da shayina ya zube."

"Ayya, Yallaɓai. Mu nan ƙasa shayinmu lafiya lau."

Sai Manaja ya zaro ɗan biskit ɗin da aka raba musu a jirgi, da 'yar tishu mai ƙamshi a leda, ya ce a kai wa yara. Biskit yara ke cinyewa. Tishun kuwa Anti, matar Kawu, tarawa take a cikin akwatinta, ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba, sai dai ta fito da su ta shinshina ta mayar. Ranar da Kawu ya gano tarin nan, kwana biyu bai ci abincin gida ba. In jirgi ya ratsa ta saman unguwa kowa ɗaga kai yake yi, shi kuwa sai ya ƙara wa rediyo murya.

Ana nan, sai wani sabon otal a can garin da Manaja ke zuwa ya nemi tela. Ma'aikata arba'in da biyu, kowa da kayan aikinsa. A zo ranar Talata a auna su, a gama yanka cikin kwana uku, teloli na can su haɗa, don ranar buɗewa ta matso. Manaja ne ya sayar musu da fenti, shi ne kuma ya ce musu babu mai yanka kamar yayansa. Aiki ne da ya fi na wata shida a ƙarƙashin matakala. Anti ta ce ya bi mota, kwana biyu ne kawai. Kawu ya ce ƙanensa a sama shi a ƙasa, gari ɗaya, mako ɗaya? Ba da shi ba.

Manaja ya zo da nasa kirkin. "Yaya, ranar Talatar ni ma can na nufa. Bari in sa a yankar maka tikiti a jirginmu, ni zan biya."

"Jirginku? Ban ji labari ba, yaushe ka saya?"

"Haba Yaya."

"Riƙe kuɗinka, Yallaɓai. Ni ma na san hanyar sama."

Bai san ta ba. Ni ya kira.

Ni a aji huɗu na sakandare muka rabu da makaranta, ba faɗa ba rigima, kowa dai ya gaji da kowa. Na gwada tuƙin babur, na gwada sayar da tabarau, yanzu a bakin shagon mai gyaran waya nake zama ina cike wa mutane fom da wayata. Turancina yana kai ni inda za ni, in dai ba nisa. Na zauna a kan tarin yadi na buɗe masa jirage biyu da ke zuwa garin ranar Talata.

"Na Manaja ka fara karanto min," in ji shi.

Na faɗa masa kuɗin. Ya nemi kujera ya zauna.

"Me za su ba ni da wannan kuɗin? Fiffike ɗaya?"

"Jaka mai kilo ashirin da uku a ƙarƙashin jirgi, kyauta. Shayi da biskit. Kai za ka zaɓi kujerarka. In ka makara, su saka ka a na gaba."

"Ɗayan fa?"

"Na rahusa ne, Kawu. Kuɗin na Manaja ɗaya ya sayi wannan uku. Amma kujera kawai suka sayar maka, da 'yar jakar hannu kilo bakwai. In kana son babbar jaka, ka biya. In kana son bakin taga, ka biya. Ruwan sha ma sayarwa suke."

"Numfashi fa?"

"Ban ga kuɗinsa ba tukuna, bari in duba ƙasa."

Ya ja kunnena, ya sake. "Sama ɗaya suke bi?"

"Ɗaya."

"Fili ɗaya suke sauka?"

"Ɗaya. Na rahusa ƙarfe bakwai yake tashi, na Manaja sai takwas da rabi."

Nan na ga fuskar Kawu ta washe kamar yadin da aka goge. Wato shi zai riga sauka. Zai tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, Manaja yana fitowa ya ce masa, "Sannu da zuwa, Yallaɓai, ya hanya?" Wannan jimlar ya saya, ba tikiti ba.

Saura kaya. Da muka tara abin da yake buƙata, kwalayen zane, zare, zif, maɓallai, ɗan ƙaramin dutsen guga da kayan sawarsa, muka ɗora a ma'aunin mai katifa, kilo ashirin da shida. Na ce mu biya kuɗin jaka kawai. Ya ce ba zai ba su ko sisi a kan abin da Manaja ke samu kyauta ba. Ya dinga jujjuya alli a hannu.

"Jikin mutum fa, suna auna shi?"

"A'a, jaka kawai."

Ya kalle ni daga kafaɗa zuwa ƙafa, irin kallon da yake wa mai ɗinki. "Kai siriri ne. Akwai wuri a jikinka. Yanki tikiti biyu."

Na ce ai kuɗin kujerata ya fi kuɗin jakar da yake gudu. Ya ce ba lissafi ya tambaye ni ba. So yake a ce ya hau jirgi har da ɗan rakiya, kuma duka biyun ba su kai tikitin Manaja ɗaya ba. Ni kuwa da ban taɓa ganin cikin jirgi ba, wa zai sa in ƙara magana?

Kwana biyu ya rufe shago yana ɗinka mana falmaran. Wallahi ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Aljihu goma sha huɗu kowace ɗaya, ciki da waje, gaba da baya, ya raba nauyin yadda ba za ka karkata ba. Aljihun zare daban, na zif daban, kwalayen zane a shimfiɗe a gadon baya. Dutsen guga a cikina ya zauna, daidai cibiya. Almakashin kuwa ya yi masa nasa gida, dogon aljihu mai shafin fata a haƙarƙarin dama, yadda hannun hagu zai zaro shi kai tsaye. Muka ɗora dogayen riguna a sama.

A nan zan faɗi laifina. A shafin tikitin akwai wani wuri mai ƙananan hotuna, kowanne an ja masa jan layi. Na gan su da idona, na tura su sama da babban yatsa. Ni inda babu kuɗi a rubuce ba na tsayawa karatu.

Ranar Talata da sassafe muka shiga filin jirgi kamar katifu biyu masu ƙafa. Ma'aikaciyar da ke bakin kanta ta kalli hoton katin shaidata, ta kalle ni, ta sake kallon hoton.

"Ka samu hutu tun bayan hoton nan."

"Aure na yi, Hajiya," na ce mata. Kawu ya taka min ƙafa.

Jakunkunan hannunmu suka hau ma'auni, kowace kilo bakwai ba kaɗan. Kawu ya karɓi takardar shiga jirgi da hannu biyu. Muna juyowa sai ga Manaja yana jan jakarsa mai tsintsiya. Saura kusan awa biyu jirginsa ya tashi, kantarsu ma ba a buɗe ba, amma ya yi sammako don kada a ba shi labari. Ya tsaya ya ƙare mana kallo.

"Yaya, lafiya? Kumburi ne?"

"Ƙoshi ne, Yallaɓai. Sai mun haɗu a can. Kada ka damu, zan jira ka."

Muka wuce wajen bincike. Kawu yana shiga ƙofar nan ta ƙarfe ta fasa kuka. Ni da na shiga, kukan da ta yi har mai shara ya juyo. Jami'in binciken wani dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce mu cire abin da ke ƙarƙashin riguna. Muka tuɓe a gaban jama'a, muka koma sirara nan take. Ya fara zazzage aljihu ɗaya bayan ɗaya a cikin farantan roba, zare yana gangarawa, maɓallai suna tsalle. Da ya zaro dutsen guga daga nawa, sai ya ɗaga shi sama ya nuna wa abokin aikinsa. Layi ya kaure da dariya. Wata 'yar kasuwa mai jaka uku ba ta yi dariya ba, matsowa ta yi tana shafa ɗinkin.

"Baba, wa ya ɗinka maka wannan? Ba ni lambarsa, don Allah."

Kawu ya ɗaga kai zai amsa da alfahari, sai jami'in ya kai hannu dogon aljihun. Ya zaro almakashin a hankali, ya auna shi da tsawon hannunsa.

"Baba, duk sauran za su wuce. Wannan ba zai shiga ba."

"Kayan aikina ne."

"Na gani, kuma na ga mai kyau ne. Amma ba ya shiga inda fasinja suke. Ko ka koma kanta a saka shi a jakar ƙarƙashin jirgi, ko ka ba wani ya mayar gida, ko ya shiga can."

Ya nuna wani akwatin gilashi a gefe, cike da ƙananan wuƙaƙe da abin yanke farce da almakasan mata. Abin da ya shiga ba ya fitowa. Kawu ya kalli akwatin nan kamar an nuna masa kabari.

Na zura da gudu zuwa kanta. Hajiyar ɗazu tana tattara takardunta. Ta ce sun rufe karɓar jaka, ko nawa zan biya, kuma a rubuce yake a tikitina. Na tambaya in mun bar wannan jirgin fa? Ta ce tikitin ya mutu ke nan, ba mayarwa ba canji, na gaba kuma sai jibi. Ban yi mata wasan aure ba a karo na biyu.

Na dawo na tarar Kawu yana tsaye da 'yar singileti, almakashi a ƙirji, lasifika tana kiran fasinjojinmu. Na ce mu bar shi, in mun sauka mu sayi wani. Ya ce a wace kasuwa? Shekara talatin yana neman na bahagwai bai samu ba, na dama kuma in ya riƙe ba ya ganin layi, ba zai lalata yadin mutum arba'in da biyu ba. Na ce to ni in tsaya, in biyo mota da shi. Ya ce kwana biyu a cikin kwana uku, me ya rage? Ko aikin ya tafi, ko almakashin Kaka ya tafi.

Na leƙa ta gilashi. Can a zaure Manaja yana zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya, jakarsa a gefe. Na san abin da ke cikin jakar nan: riga biyu da littafin kalolin fenti. Kilo ashirin da uku aka ba shi, ko biyar bai ci ba.

"Kawu," na ce, "Manaja bai ba da jakarsa ba tukuna."

"Gara in yanka da haƙori."

"Mutum arba'in da biyu, Kawu. Haƙoranka nawa?"

Bai ja kunnena ba, a nan na san abin ya kai. Lasifika ta sake kira. Jami'in ya ce, "Baba, in kana da wani a waje, je ka dawo, zan riƙe maka wurinka." Kawu ya zura doguwar rigarsa, a bai-bai ma. Sannan ya fita. Na bi shi.

Manaja ya gan mu ya miƙe. Ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ga abin da ke hannun yayansa, ya rufe.

"Auta," in ji Kawu. Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi haka ba. "Sun hana shi shiga. Saka min a jakarka."

Na zaci Manaja zai ja rai, ya ce a maimaita bai ji ba. Ni da ni ne, da sai na sa an maimaita sau uku. Amma hannu biyu ya miƙa. Ya karɓa yana jin nauyinsa, ya shafa tsumman da aka naɗe a wurin babban yatsa.

"Tsumman Baba ne har yanzu?"

"Shi ne."

"Rabona da taɓa shi tun ranar da ya fizge daga hannuna. Kai kullum kana gefensa a shago, kuna hira, yana yanka kana yanka. Ni da safe a kora ni makaranta, in na dawo in leƙo, ya ce in matsa ina tare haske."

Kawu ya kalle shi a karkace. "Wai kai ne kake ƙyashina? Kai mai shayi a sama?"

"Shayin ba daɗi, Yaya."

"To ka daina ba ni labarinsa. Ka naɗe shi a riga. Kada ka buɗe shi, kada ka yanka komai. In suka ɓatar da jakar nan..."

"Jirginmu ba ya ɓatar da jaka."

"Jirginku dai."

Mu ne na ƙarshe da muka shiga. Da ƙafa muka ratsa fili muna haki, falmaran a jiki, don jakar hannu ba ta da wurinsu. Da yake ba mu biya kuɗin zaɓen kujera ba, ni aka jefa ni can baya kusa da ban ɗaki, Kawu kuma a tsakiyar wasu ƙatti biyu, gwiwarsa tana dungurin kujerar gaba. Dutsen guga ya danne min ciki, belet ya danne dutsen guga. Da aka turo keken ruwa da lemo, na ga Kawu ya tambayi kuɗi, ya kawar da kai. Jirgin dai ya tashi a kan lokaci, ya sauka a kan lokaci, ba wanda ya zage mu. Amma mutumin da ya shekara yana jiran ranar da zai hau sama, ko sau ɗaya bai leƙa taga ba. Duk lokacin da na miƙa wuya, hannunsa na hagu yana cikin dogon aljihun nan da babu komai.

Mun riga Manaja sauka, kamar yadda aka tsara. Sai dai ba wanda ya sa hannu a baya. Muka zauna a gaban allon da ke nuna jirage, ina karanta masa. Jirgin manya ya yi jinkirin awa ɗaya. Da a ce jiya ne, da Kawu ya yi rawa a tsakiyar zaure. Yau kuwa tashi yake ya zauna, yana tambayata ko allon ya canza. Na ji shi da kunnena yana addu'a Allah ya sauko da jirgin nan lafiya, da shi da duk jakar da ke cikinsa. Na ce, "Da fasinjan fa?" Ya ce, "Shi ma."

Sai wajen sha biyu Manaja ya fito, yana tafe a hankali kamar mai rakiyar amarya. Kawu ya manta da jimlar da ya saya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Yana ina?"

Manaja ya kwantar da jakar, ya buɗe, ya warware riga. Ga shi nan lafiya. Kawu ya miƙa hannu. Amma Manaja bai ba shi ba. Ya zura yatsunsa a ciki, ya kamo tsintsiyar takardun nan da ke hannun jakarsa.

"Bari in rage waɗannan, sun yi yawa."

"Takarda! Auta, takarda ce!"

Ya riga ya matsa. Almakashin ya kama takardun ya naɗe su a baki, bai yanka ko ɗaya ba. Ya sake matsawa, suka lanƙwashe. Ya ciji leɓe ya gwada na uku, da wayoyinsa biyu da takalminsa mai ƙyalli, a gaban masu tasi, abu ya ƙi. Na kalli Kawu. Wallahi tun da aka haife ni ban ga farin ciki irin wannan a fuskar mutum ba.

"Kawo nan. Baba ya faɗa, ba ka da hannu."

Ya karɓa da hagu. Na ɗauka aljihu zai mayar da shi. Sai ya tsaya yana kallon takardun nan da suka shekara suna hawa teburinsa. Mutumin da ya kusa cire min kunne a kan kwalin sabulu ya saka bakin almakashin a ƙarƙashinsu. Ƙaras. Sau ɗaya. Duka suka zube a ƙasa, hannun jakar ya fito fes kamar na wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ya goge gam ɗin da ya liƙe a bakin da gefen rigarsa, yana tsaki. Sannan ya sunkuya ya tsinci ɗaya, sabuwar ta ranar, ya jefa a aljihu.

Ya gama yankan otal a kwana biyu da rabi. A dawowa ya biya kuɗin jakar ƙarƙashin jirgi ba musu, yana biya yana kallon gefe. 'Yar kasuwar nan ma ta nemo shi, ta kawo ƙawayenta, yanzu falmaran mai aljihu goma sha huɗu tana cikin abin da ake zuwa nema a ƙarƙashin matakala. Duk wanda ya karɓa sai Kawu ya ce masa, "Ban da ƙarfe mai baki." Ni kuma yanzu ina karanta hotuna.

Kada ku ɗauka sun shirya. Manaja ya fara tara sababbin takardu, sun kai biyar, kuma har yanzu a kan teburin yanka yake ajiye jakar. Abin da ya canza, in ya zo yakan ce, "Yaya, in riƙe?" Kawu ya miƙa masa almakashin na minti ɗaya, yana tsaye a kansa.

Takardar da ya tsinta tana rataye a ƙusar da yake rataye almakashin in an tashi. Shekaranjiya jirgi ya ratsa ta saman unguwa ina shagon. Kawu bai taɓa rediyo ba. Ya ɗaga almakashin ya harare shi.

"Ka ji naku can. Kai ka hau na manya, a kwance, a naɗe cikin riga. Ni da na shekara talatin da huɗu ina ɗauke da kai, a tsakiyar ƙatti aka cusa ni, ko ruwa ban sha ba."

Na ce, "Kawu, shi ma ba a ba shi shayi ba."

Ya jefa shi a durowa, ya juya makulli.